Ma'ana da Asalin Kalmar Giwan-Ruwa

1.0 Gabatarwa

A wata shekara, lokacin da nake zagayen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a ƙasar Roni, na shiga wani aji na ƙaramar sakandare na tarar ɗalibinmu ya ba yara aikin insha'i a kan bikin kamun kifi na Argungu. Da na karɓi littattafan yaran ina dubawa, sai na ga wani yaro ya rubuta cewa wanda ya zo na ɗaya ya kamo wani ƙaton giwan-ruwa. Malamin ya sa jan biro ya kashe harafin n, ya ɗora r a kansa, sannan ya rage wa yaron maki. Bayan an tashi na tambaye shi dalili. Ya ce ai giwa mace ce, kuma mu ne muka koya masa cewa sunan da yake jinsin mace -r yake ɗauka. Bai yi mana ƙarya ba, haka muka koya masa. Sai dai shi ma yaron bai yi kuskure ba, domin abin da ya ji a bakin manya da gidajen rediyo shi ya rubuta.

Wannan babi zai duba kalmar ta fuskar ma'anarta da ƙirarta da asalin sassanta, sannan ya tsaya a kan wannan harafi guda ɗaya da ya jawo wa yaron asarar maki. Ana sa ran ɗalibi ya riga ya karanta darussan jinsi da na harɗaɗɗun kalmomi kafin ya zo nan.

2.0 Wane Kifi ne Giwan-Ruwa?

Kafin a yi maganar suna, ya kamata a san mai sunan. Giwan-ruwa shi ne kifin da masana kimiyyar halittu suke kira Lates niloticus. Jikinsa fari ne mai sheƙi kamar azurfa, bayansa ya ɗan yi duhu, yana da ɓawo a jiki, da wawakeken baki, da baƙin ido mai zobe rawaya. Ba ya cin ciyawa, 'yan'uwansa kifaye yake farauta. Wanda ya ƙasaita yakan kusa mita 2 a tsawo, nauyinsa kuma yakan kai kilo 200, ko da yake irin waɗannan ba a cika samun su ba. Yana daga cikin mafiya girman kifayen da ke zaune a koguna da tafkunan Afirka. Ana samun sa a kogin Nilu da Kwara da Binuwai da Sanagal da Bolta da Kwango, da kuma Tafkin Chadi. A Nijeriya ya yi suna a tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwan a shekarar 1968.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ta shafi darasinmu. Giwan-ruwa kifin babban ruwa ne, ba ya jure ruwan da iskarsa ta yi ƙaranci. Tarwaɗa takan rayu a kududdufin da ya kusa ƙafewa, gaiwa ma takan shige cikin laka ta yi zamanta har damina ta dawo, amma shi ba haka yake ba. Ƙasarmu kuwa, daga Gwiwa da Roni zuwa Kazaure da Babura, ƙasa ce ta rafukan damina da fadamu da madatsun ruwa, irin su kogin Gari da dam ɗin Muhammadu Ayuba na Kazaure. Abin da yaro ya saba gani a tiren mai kifi shi ne karfasa da tarwaɗa. Saboda haka yawancin yaran da za ku koyar sun san kalmar giwan-ruwa, amma ba su taɓa ganin kifin ba.

Inda suka fi jin kalmar shi ne labarin Argungu. An fara wannan biki a siffarsa ta yanzu a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, abin da ya zama alamar sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwatawa bayan daɗewar gaba. Masunta sukan faɗa kogin Matan Fada da homa da gora, wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ya ci, kuma galibi giwan-ruwa ne yake ciyo wa mutum gasar. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya a shekarar 2016. Bayan an yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba, an dawo da shi a 2020, inda kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. A wajen Bahaushe su sana'a ce, ba wasa ba. Turawa kuwa suna da al'adar kama manyan kifaye da fatsa don nishaɗi da nuna bajinta, kuma giwan-ruwa yana sahun gaba cikin kifayen da suke bi har tafkin Nasir na Masar saboda ƙarfinsa da wuyar fitar da shi. Gasar Argungu ita ce abin da ya fi kusa da wannan a ƙasar Hausa.

3.0 Ƙirar Kalmar da Ma'anarta

Giwan-ruwa harɗaɗɗen suna ne mai sassa uku: suna, da mahaɗi, da wani sunan.

(1) giwa + -n + ruwa

Wannan tsari shi ne mafi yawa a cikin harɗaɗɗun sunayen Hausa. Shi ne a gashin-baki da jirgin-sama da taurin-kai. Abin da ke nuna cewa kalma ɗaya ce, ba yankin jimla ba, abu biyu ne. Na farko, ba a iya cusa wata kalma a tsakiyarta. Ba a cewa giwan babban ruwa, sai dai babban giwan-ruwa. Idan za a nuna mallaka ma a ƙarshe ake liƙa ta, a ce giwan-ruwansa. Na biyu, ma'anar kalmar ba ita ce jimillar ma'anonin sassanta ba. Idan giwa ta shiga tafki tana wanka, ba ta zama giwan-ruwa ba, giwa ce a cikin ruwa. Wannan dalili ne ya sa muka rubuta kalmar da karan-ɗori a wannan babi, ko da yake jaridu da dama ba sa sa shi.

Ta fuskar ma'ana, siffantawa aka yi. An ɗauki sunan wata dabba da aka sani an ɗora wa wadda ba a sani ba sosai, sannan aka ƙara sunan muhallinta don a bambanta su. Bahaushe ya saba da wannan dabara. Da ya ga dabba mai dogon wuya a daji sai ya ce raƙumin-dawa, mai kama da jaki kuma ya ce jakin-dawa. A cikin ruwa akwai karen-ruwa, akwai kuma wani kifi marar ɓawo mai gashin-baki da ake kira ragon-ruwa. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, siffa ɗaya tak aka ɗauko daga dabbar farko aka bar sauran. Raƙumin-dawa ba shi da tozo, wuyan kawai aka duba.

To wace siffa aka ɗauko daga giwa? Ba haure ba ne, ba hanci ba, ba kunne ba. Girma ne. A tunanin Bahaushe giwa ita ce ma'aunin girma da ƙasaita. Shi ya sa ake yi wa sarakuna kirari da toron giwa, ake kiran Nijeriya giwar Afirka, kuma idan ana so a nuna yadda baƙunta ke rage wa babba daraja sai a ce giwa a garin wani zomo ce. Ke nan ma'anar giwan-ruwa ita ce wanda ya fi kowa girma a cikin ruwa, kamar yadda giwa ta fi kowa a dawa. Mutum zai iya cewa ai dorina ta fi shi, kuma gaskiya ne, amma dorina tana da nata suna tun asali, kuma masunci ba ya lissafa ta cikin abin da komarsa ke kamawa.

A nan akwai wani tarko ga masu fassara. A Ingilishi akwai wasu kifaye da ake jingina sunansu ga giwa, waɗanda su ma ana samun su a Kwara da Binuwai. Ba giwan-ruwa ba ne. Kifaye ne da ba su kai shi ko kusa ba, masu dogon baki lanƙwasasshe, wanda Bature ya ga ya yi kama da hancin giwa. Dabba ɗaya aka duba, amma Bature ya ɗauki hanci, Bahaushe ya ɗauki girma. Wanda ya fassara kalma da kalma zai ba mai karatu wani kifi dabam.

4.0 Asalin Sassan Kalmar

Ba aro aka yi ba. Da giwa da ruwa duk kalmomin Hausa ne na gado, ba daga Larabci ko Barbarci ko Azbinanci suka shigo ba. Hausa tana cikin iyalin harsunan Cadi, waɗanda yawansu ya haura 150, ana magana da su a arewacin Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. Joseph Greenberg ne ya tabbatar da zamansu reshe guda na babban gidan Afro-Asiya. Masana sukan kwatanta kalmomin waɗannan harsuna su gano yadda kalma take a bakin kakanninsu kafin su rarrabu. Irin wannan kalma da aka gano ta hanyar kwatance, ba a same ta a rubuce ba, ana sa mata alamar tauraro a gaba.

A aikin da Paul Newman ya buga a shekarar 1977 a kan rabe-raben harsunan Cadi, kalmar giwa tana cikin waɗanda aka mayar ga uwar harsunan. Idan aka sauƙaƙa rubutun, siffarta ta dā ita ce *giwan. A harshen Ngizim na ƙasar Potiskum ana cewa jaunak, a harshen Tera na ƙasar Gombe kuma juwan. Idan aka lura za a ga g ta koma j a waɗannan harsuna, amma sun riƙe n. Hausa kuwa ta riƙe g ta yar da n. Wannan ba a giwa kaɗai ya faru ba. A wani zamani mai nisa Hausa ta zubar da baƙin hanci na ƙarshen kalma, kamar yadda waɗannan misalai suka nuna:

(2) *giwan > giwa
*kadam > kada
*zaban > zabo

Ita ma kalmar kifi ta gado ce. Siffarta ta dā *kirfi ce, kuma har yau a harshen Bura ana cewa kilfa. A Hausa tsohuwar r da ba ta farkon kalma ba ta koma y, shi ya sa *mar ta zama mai, *wura ta zama wuya. A *kirfi, bayan r ta koma y sai ta narke cikin wasalin da ke gabanta, aka sami dogon wasalin da muke ji a gaɓar farko ta kifi.

Abin lura a nan shi ne, tsufan sassa ba shi ne tsufan harɗaɗɗiyar kalma ba. Jirgi da sama tsofaffin kalmomi ne, amma jirgin-sama bai wuce ƙarni na 20 ba. Abin da ƙirar giwan-ruwa ta nuna shi ne, waɗanda suka raɗa sunan sun riga sun san giwa sarai kafin su san kifin, ko kuma kafin su bukaci ba shi suna na kansa. Wannan ya dace da abin da aka sani na ƙasar Hausa, wadda a dā take da dazuzzukan da giwaye ke yawo a ciki, amma manyan kogunan da ba sa ƙafewa suna gefenta ne. Yau abin ya juya wata fuska. Mai son ganin garken giwaye sai ya tafi irin su Yankari a Jihar Bauci. Yaron Babura bai ga giwa ba, bai ga giwan-ruwa ba, amma kalmar ba ta ba shi wahala, domin ma'anar girma ta zauna daram a cikin giwa ko babu dabbar.

5.0 Matsalar Mahaɗi: Don me -n ba -r ba?

Ƙa'idar da ɗalibinmu ya dogara da ita sananniya ce. A daidaitacciyar Hausa, suna tilo jinsin mace mai ƙarewa da wasalin a yana ɗaukar mahaɗin -r, sauran sunaye kuma -n. Giwa mace ce: muna cewa giwa ce, giwa ta faɗi, giwar daji. Idan ana nufin namijin sai a ce toron giwa. Bisa wannan, giwar-ruwa ake sa ran ji. Kuma lalle akwai masu faɗar haka, ana ma ganin ta a rubuce. Amma siffar da ta fi yawa a baki da rubutu ita ce giwan-ruwa. Kada ɗalibi ya ce ruwa ne ya jawo, wai don shi namiji ne. Gaskiya ne ruwa namiji ne duk da ya ƙare da a, kamar gida da suna, amma mahaɗi yana bin jinsin sunan da ya liƙe wa ne, ba na wanda ke biye ba. Shi ya sa muke cewa rigar Audu da wandon Binta.

Ana iya kawo bayani huɗu, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Bayani na farko na karin harshe ne. A Zazzaganci da Bausanci, da Hausar da ake yi a garuruwan da ba na Hausawa ba, bambancin jinsi ya yi rauni ko ya ɓace, har ana cewa rigan Audu da motan malam. Da yake manyan ruwayen da ake kama wannan kifi suna kudu da gabas ne, kuma fataken banda daga can suke kawo kaya, ana iya cewa kalmar ta shigo kasuwannin Kano da Kazaure da siffar can, ta zauna a haka. Bayanin yana da ma'ana, domin suna yakan biyo kaya. Rauninsa shi ne, Kabi ma ƙasar su ce tun fil azal, kuma Hausar yamma ta fi kowace riƙe jinsi. Ba a ga abin da zai sa masuntan da suka gaji kifin su jira fatake su koya musu sunansa ba.

Bayani na biyu na tarihi ne, kuma shi ya fi jan hankalin ɗalibai idan sun ga misali na (2). Tunda asalin kalmar *giwan ce, me zai hana a ce n ɗin giwan-ruwa ita ce tsohuwar n, ta maƙale a cikin harɗaɗɗiyar kalma ba ta zube ba? Irin haka yana faruwa a harsuna, tsohuwar siffa ta ɓuya a cikin kalmar da ta daskare. Amma ni ban gamsu da shi a nan ba. Kowane harɗaɗɗen suna mai wannan tsari yana bukatar mahaɗi, saboda haka idan n ɗin ta saiwa ce, ina mahaɗin? Sannan kafin bayanin ya tsaya, sai an ɗauka cewa an harɗa kalmar tun kafin Hausa ta zubar da baƙin hanci na ƙarshe, alhali ƙirarta ba ta bambanta da ta raƙumin-dawa da sauran sunayen da kowa ke iya fasawa ya gane ba. Kamar da ke tsakanin *giwan da giwan- dacewa ce kawai. Ina kawo wannan ne musamman don ɗalibi ya koyi yin hattara. A nazarin asalin kalmomi, bayanin da ya fi daɗin ji shi ya fi bukatar bincike.

Bayani na uku na ma'ana ne. A Hausa akwai sunaye masu ƙarewa da a waɗanda mahaɗinsu yake bin jinsin wanda ake nufi. Muna cewa kakan Audu idan namiji ne, kakar Audu idan mace ce, haka jikan da jikar, autan da autar. Misalin da ya fi kusa da namu shi ne garkuwa. Makamin mace ne, garkuwar mayaƙi ake cewa. Amma da aka mayar da kalmar sarauta aka naɗa wa namiji, sai aka ce Garkuwan Sakkwato, ba Garkuwar Sakkwato ba. Kalmar ta bar ma'anarta ta asali, ta koma kan wani abu, sai ta ɗauki jinsin sabon mai ita. Haka giwa ta yi. Da aka ɗora ta a kan kifi, kifi kuwa namiji ne, sai ta bi shi. Da aka ɗora ta a kan Nijeriya, wadda muke ce wa ta, sai ta tsaya a giwar Afirka. A kwatanta da agwagwar-ruwa da kyanwar-daji. Waɗannan sun riƙe -r domin ta farko har yanzu agwagwa ce, ta biyu kuma kyanwa ce, muhalli kawai aka fayyace. Giwan-ruwa kuwa ba giwa ba ne ko kaɗan. Ginin jimla ma yana goyon bayan wannan. A nan alamar tauraro tana nufin jimlar ba ta karɓu ba:

(3) Wani ƙaton giwan-ruwa ya yaga koma.
*Wata ƙatuwar giwan-ruwa ta yaga koma.
Wannan giwan-ruwa ne.
*Wannan giwan-ruwa ce.

Duk da haka, kada a mayar da wannan ƙa'ida marar togiya. Muna cewa Audu farar-hula ne, ba mu ce farin-hula ba, ko da yake namiji ake nufi. Jinsin kalmar gaba ɗaya ya koma namiji, amma cikinta bai motsa ba. Ke nan sauyin ma'ana yana iya taɓa mahaɗi, yana kuma iya barin sa. Sai a tambaya, me ya sauƙaƙa sauyin a giwan-ruwa?

Amsar tana cikin bayani na huɗu, wanda na tsarin sauti ne. Mun sani a darasin naso cewa n takan rikiɗe gaba ɗaya idan l ko r ta biyo ta. Ɗanladi yakan fito Ɗalladi, son rai kuma sor rai. A ɗaya ɓangaren, mahaɗin -r ra-gare ce, r ɗin farkon ruwa kuwa ra-kaɗe ce, kuma idan suka haɗu ta farkon takan nashe cikin ta biyu. Sakamakon haka, a magana mai sauri, da giwan-ruwa da giwar-ruwa duk suna iya fitowa da lafazi ɗaya, wato giwarruwa. Ɗalibi ya gwada faɗar su da sauri sau biyar biyar ya ji. Wanda ya ji wannan lafazi ba shi da wata shaida a kunnensa da za ta gaya masa ko n ce a ƙarƙashi ko r. Idan ya zo faɗar kalmar a tsanake, ko rubuta ta, dole ya zaɓa, kuma abin da zai ja shi shi ne sanin da ya yi cewa kifi ake nufi, ana kuma ce masa ya da ne. Da giwan-dawa ko giwan-tafki ne, da kunne ya bambance. A ganina bayani na uku da na huɗu tare suke aiki, sauti ya buɗe ƙofa, ma'ana ta shiga. Na farko yana iya zama ya taimaka wajen yaɗuwa.

Wani abin ban dariya shi ne, a wajen masana kifi, matan wannan kifi sun fi mazan girma. Saboda haka ƙaton da aka ɗora a sikeli a Argungu ana cewa ya kai kilo kaza, mai yiwuwa ne ƙwarai mace ce. Wannan ya isa ya tuna wa ɗalibi cewa jinsin nahawu dabam, jinsin halitta dabam.

6.0 Sunansa a Wasu Harsuna

Ba Bahaushe kaɗai ya ga girman wannan kifi ya nemo masa suna daga tudu ba. Larabawan Sudan suna ce masa ijil, wato maraƙi. Faransawa suna kiran sa capitaine, wato kyaftin, sun ba shi muƙamin soja, kuma wannan suna ne ɗalibin Babura zai gani a takardar abinci idan ya tsallaka iyaka ya shiga Damagaram ko Yamai. Ingilishi ya jingina shi ga kogi, Nile perch, a Nijeriya kuma wasu sukan ce Niger perch. Sunan kimiyya ma haka: niloticus na nufin na Nilu, Lates kuwa daga latos ne, sunan da Girkawa suka san kifin da shi. Mutanen Masar na dā sun girmama shi a garin Isna, har suna yi masa irin adanar da suke yi wa gawar manyansu, shi ya sa Girkawa suka kira garin Latopolis, birnin latos. Dabarar su karen-ruwa ma tana cikin sunayen kimiyya. Kifin nan mai haƙora da muke kira tsage, sunansa Hydrocynus, wanda a Girkanci yake nufin karen ruwa, alhali a Hausa karen-ruwa wata dabba ce mai gashi, ba kifi ba.

A gabashin Afirka ana ce masa sangara da Swahili, mbuta da harshen Luwo. Can labarinsa ba mai daɗi ba ne gaba ɗaya. Ba ɗan asalin Tafkin Biktoriya ba ne, an zuba shi ne a shekarun 1950. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, ya zama hajar da ake fitarwa Turai, amma nau'o'in ƙananan kifaye dangin karfasa wajen 200 sun ɓace ko sun kusa, kuma farautarsa tana cikin manyan dalilai.

7.0 Kalmar a Cikin Aji

Malamin da aka tura wannan yanki zai gamu da kalmomi uku da yara ke cakuɗawa a rubutu: giwa da gwiwa da gaiwa. Ta biyun ma ga ta a allon kowace makaranta ta Ƙaramar Hukumar Gwiwa. Giwa da gwiwa sun bambanta ta hanya biyu. Baƙin farko na gwiwa leɓantacce ne, ana zagaye leɓɓa wajen furta shi, sannan karin sautin giwa sama-sama ne, na gwiwa sama-ƙasa. Jam'insu ma ya raba su, giwaye da gwiwoyi. Gaiwa kuwa tagwan wasali gare ta a gaɓar farko, kuma ita kifi ce da kanta ba sai an jingina ta ga ruwa ba. Jimla guda da ta ƙunshi duka ukun ta fi dogon bayani amfani wajen shifta.

Game da gyaran aikin yara, matsayin da nake ba ɗalibai shawara su ɗauka shi ne, giwan-ruwa daidai ne, kuma ita ce siffar da za a koyar. Yaron da ya rubuta giwar-ruwa ma kada a kashe masa, muddin ya bi ta da ta da ce har ƙarshen jimla. Abin da ya cancanci jan biro shi ne gauraye, kamar a ce giwan-ruwa ce, ko wata giwar-ruwa ya mutu. Idan malami ya yi shakka a kan irin wannan kalma, ya duba ƙamus kafin ya yanke hukunci. Akwai na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Sunayen kifaye suna daga cikin kalmomin da ke saurin fita daga bakin yara, domin wanda ke sayen soyayyen kifi a tasha ba ya tambayar sunansa. Ƙurungu da minjirya da talibamban da yauni da bargi duk suna nan a bakin masunta. A lokacin gwajin koyarwa, kowane ɗalibi ya nemi Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci na garin da aka tura shi, ya rubuto sunayen kifayen da suke kamawa da waɗanda suka daina gani. Ya ware harɗaɗɗu daga saukaka, ya sa kowane suna a jimla don a ga ko ne yake ɗauka ko ce. Idan an zo kan giwan-ruwa, kada ya faɗi kalmar da bakinsa. Ya siffanta kifin, ya bar dattijon ya faɗa, sannan ya roƙe shi ya maimaita a hankali, ya saurari abin da ke tsakanin giwa da ruwa.